Lacca: Sewer Shark, wasan da aka gina a kan fim

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Yau a kan wasa ɗaya za mu tsaya, Sewer Shark, wasan bidiyo da kamfanin Digital Pictures na Amurka ya ƙirƙira, aka fitar a 1992 a kan Sega CD, na'urar wasannin bidiyo ta kamfanin Sega mai aiki da faifan CD.

Labarin ƙirƙira ne na kimiyya. Duniya ta lalace, mutane sun koma ƙarƙashin ƙasa, kai kuma an ba ka jirgi ka bi manyan magudanan ƙazanta kana harbe wasu halittu, rabi ɓera rabi kada. Abokin tafiyarka, Ghost, mutum ne na gaske da aka ɗauka da kyamara, sai masifa yake yi maka.

To ku lura da nan. Ba kai ke tuƙa jirgin ba. Tafe yake kamar jirgin ƙasa a kan dogo, naka kawai saiti da harbi, sai juyawa a mararraba. In an kusa mararraba, sai a kira maka lambobi irin na fuskar agogo: 12 sama, 3 dama, 6 ƙasa, 9 hagu, kai kuma ka juya can. Ka saɓa, ka ci karo da bango.

Me ya sa aka ɗaure ɗan wasa haka? Ai fim ne, jama'a! Abin da kyamara ta riga ta ɗauka ba ya sauyawa don ka danna maɓalli. Iyakarta a ajiye 'yan guntayen hotuna, na'ura ta zaɓi wanda za ta nuna. Tun 1987 ma aka ɗauki hotunan, don wata na'urar kamfanin Hasbro mai aiki da kaset ɗin VHS. Hasbro ya watsar da ita a 1989, sai Tom Zito, wanda ya kafa Digital Pictures, ya riƙe hotunan har faifan CD ya zo. John Dykstra ne ya ba da umarni, wanda ya ci lambar yabo ta Oscar kan dabarun hoto na Star Wars.

Amma fa Sega CD launi 64 kaɗai take iya nunawa lokaci guda. Sai aikin gwani ya koma ɗan tagar hoto dishi-dishi a tsakiyar allo. Ni a ganina, minti goma na farko akwai burgewa, daga nan sai gajiya, don hanyar jiya ita ce ta yau. Duk da haka ya shiga gidaje da yawa, tunda Sega ya riƙa haɗa shi da na'urar a kwali ɗaya a Amurka.

Wancan ɗan'uwa na baya, na ga hannunka, bismillah.