Gidan Tsibiri a Lamu: Yadda Ake Gina Shi da Yadda Ake Gyara Shi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau daga nan Bauchi za mu leƙa bakin teku, mu duba wani irin gida da yawancinmu a waya kawai muke ganinsa: ɗan ƙaramin gida a tsibiri, bango fari fat, rufin ganyen kwakwa, ga baranda tana kallon ruwa. Me ya sa aka gina shi haka? Idan kuma ya tsufa, mai shi yana son ya sa wuta da famfo da banɗakin zamani, ta ina ake farawa?

Hoton da kuke gani Lamu ne, wani tsibiri a arewacin gaɓar Kenya, cikin Tekun Indiya. Garin Musulmi ne na Sawahilawa, kuma Maulidinsu ya yi suna, har daga ƙasashen maƙwabta ake zuwa. A shekarar 2001 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya, shekara ɗaya bayan ta sa tsohon garin Zanzibar. Lungunan sun yi ƙunci ƙwarai, mota ba ta shiga, har gobe jaki ne ke ɗaukar yashi da dutse zuwa wurin gini. Ƙuncin nan da gangan ne. Gida yana yi wa gida inuwa, iskar teku kuma idan ta shigo lungu sai ta ƙara gudu.

Mu fara da bango. Ba bulo ba ne, ba kuma tubali ba. Dutsen murjani ne, wanda ƙananan halittun teku suka tara shekaru aru-aru, mai ƙananan ramuka a jikinsa. Shi ake jerawa, shi kuma ake ƙonawa ya zama farar ƙasa. A jiƙa ta, a bar ta ta daɗe a rami tana nuna, sannan a kwaɓa da yashi a yi gini da ita, a yi yaɓe da ita. Bangon yana da kauri, kuma yana da hali irin na randar ƙasa: yana shan danshi, yana kuma fitar da shi ta jikinsa. Ku riƙe wannan, don duk maganar gyara a nan za ta tsaya.

Yanzu ku ɗaga kai ku dubi saman ɗakin. Waɗannan baƙaƙen sandunan da aka jera, na wani itace ne da ke tsirowa cikin ruwan gishiri a bakin teku, su suna ce musu boriti. Gara ba ta cinsu da sauƙi, amma ba su da tsawo. Saboda haka faɗin ɗaki a Lamu ba ya cika wuce mita 3. Sai su yi ɗakin siriri kuma dogo, su jera ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya ɗan fi na gabansa tudu, daga tsakar gida har zuwa na ƙurya. Duk maginin gargajiya da ke kallonmu ya san wannan matsalar, don ita ce matsalar azara. Azarar giginya ba ta iya ƙetare babban ɗaki ita kaɗai. Namu maginan sai suka ɓullo da bakan gizo da ɗaurin guga, kuma wanda yake son ganin iyakar gwanintar sai ya je Kafin Madaki a ƙaramar hukumar Ganjuwa, ya ga gidan da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, shi ne kuma ya gina tsohon masallacin Juma'a na Zariya. A ganina namu sun fi ƙarfin hali a wannan fannin. Su kuma na Lamu sun fi mu iya ado da farar ƙasa. Ku dubi waɗannan ƙananan alkukai da aka sassaƙa a bangon ɗakin ƙurya, layi bisa layi, inda ake jera tangaran da littattafai.

A ƙofar gida akwai wata 'yar rumfa mai dakali hagu da dama, nan mai gida yake ganawa da baƙi ba tare da sun shiga ciki ba. Aikin zaure take yi.

Sai iska. A wannan gaɓar iska biyu ce ke mulki. Kaskazi tana busowa daga arewa maso gabas, daga wajen Disamba zuwa Maris. Kusi kuma daga kudu take zuwa, daga wajen Afrilu zuwa Satumba, da ƙarfi da ruwa. Su ne suka riƙa kai jiragen ruwa masu filafilai ƙasashen Larabawa da Indiya suna dawo da su. Zafin bakin teku ba irin namu ba ne. Iskar cike take da danshi, gumi ba ya bushewa a jiki, dare kuma ba ya yin sanyi sosai. Maganinsa ɗaya: iska ta shiga ta nan ta fita ta can. Shi ya sa a saman gidan ake kafa buɗaɗɗiyar rumfa da rufin ganyen kwakwa, wanda suke kira makuti. Rufin yana da gangara sosai, kusan digiri 45, don ruwa ya zube kafin ya ratsa, bakinsa kuma yana zarce bango ya kare shi daga feshin ruwa. Iska mai zafi ta hau sama ta fice ta tsakanin ganyen.

To, ga wani ya sayi irin wannan gidan ya tsufa, yaɓe ya zube, bango ya yi baƙi. Abu na farko da hannu yake kaiwa gare shi siminti ne. A yi filasta sumul, a shafa fentin mai, gida ya yi kyau kamar sabo. Damina biyu ko uku sai ka ga filasta ta fara kumbura, ka ƙwanƙwasa ka ji tana ƙara kamar ba komai a bayanta. Abin da ya faru shi ne, danshin da ke tasowa daga ƙasa yana ɗauke da gishiri. A da yana fita ta jikin farar ƙasa, gishirin ya bushe a waje a share shi. Yanzu siminti ya tare hanya. Danshin ya ƙara hawa sama a cikin bango, gishirin ya daskare a ciki yana cin dutsen, har ya kai ga kan sandunan rufi ya ruɓar da su. Ranar da filastar ta faɗo, da naman bangon take faɗowa.

Wannan abin yana ci mini rai, domin a lungunan cikin garin Bauchi ma haka muke yi wa gidajen ƙasa na iyayenmu. A kankare makuba, a watsa siminti, ruwa ya sami 'yar tsaga ya shiga ya kasa fita, katanga ta narke ta ciki alhali waje yana ƙyalli. Siminti ba abin ƙi ba ne, ga shi nan ana yin sa a Ashaka, kuma a kan bulo da kankare ba shi da na biyu. Amma bangon murjani da farar ƙasa ake gyara shi, bangon ƙasa kuma da ƙasa. Mai gyara na ƙwarai yakan fara da cire duk simintin da aka liƙa a baya, ya bar bangon ya sha iska ya bushe, ko da zai ɗauki watanni, sannan ya mayar da yaɓen farar ƙasa a hankali, shafi bayan shafi.

Abu na biyu ƙarfe ne. Iskar teku tana ɗauke da gishiri, kuma ba ta raga wa ƙarfe. Rodin da ke cikin kankare idan ya yi tsatsa kumbura yake yi, sai ya fasa kankaren daga ciki. Don haka idan dole sai an zuba kankare, a banɗaki misali, a lulluɓe rodin da kauri, kamar santimita 5, kuma kada a kwaɓa da yashin bakin teku sai an wanke shi da ruwan daɗi. Ƙusoshi da sakata da makullai su zama na tagulla ko na farin ƙarfen da ba ya tsatsa. Kwanon rufi mai araha kuwa, kuɗinka ka zubar.

Rufin ganyen kwakwa sai an riƙa sabunta shi bayan 'yan shekaru, kuma yana tsoron wuta, don haka wayar lantarki a cikin bututu ake bi da ita, madafa kuma a nesanta ta. Sannan a ɗaure rufin da jikin gini tamau. A Afrilun 2019 guguwar Kenneth ta afka wa tsibirin Ibo a arewacin Mozambik ta rushe yawancin gidajensa. Mu ma nan mun san yadda iskar farkon damina take yaye kwano a unguwa guda cikin dare ɗaya, kuma kusan kullum daga inda katako ya haɗu da bango ɓarnar take farawa.

Ruwan sha a tsibiri abu ne mai tsada. Lamu ta dogara ne da ruwan daɗi da ke kwance ƙarƙashin tuddan yashi na Shela, wani ƙauye a tsibirin, kuma idan aka zuƙe shi fiye da kima, ruwan gishiri ne zai maye gurbinsa. Sokawe kusa da rijiya a cikin yashi kuwa, cuta ce kai tsaye. Lissafin ruwan sama mai sauƙi ne: milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Rufi mai murabba'in mita 100 a inda ake samun milimita 1,000 a shekara zai iya zubo da lita 100,000, ban da wanda ya zube a banza. Sai dai ruwan da ya bi ta ganyen kwakwa yakan canza launi, don haka daga daɓen soro ake tara na sha. Tsofaffin gidajen Lamu suna da kwarmin ajiye ruwa a banɗaki, har da ƙananan kifaye a ciki masu cinye tsutsar sauro.

Na'urar sanyaya ɗaki fa? Idan ana so, a ware mata ɗaki ɗaya, a rufe shi da kyau, sauran gidan a bar shi a buɗe da fanka da sola. Wanda ya toshe baranda da gilashi ya mayar da gidan gaba ɗaya na na'ura, ranar da batir ya mutu ba zai iya kwana a ciki ba.

Yanzu ga mai fili a bakin ruwan Dadin Kowa a Gombe, ko kusa da madatsar Gubi a nan Bauchi, wanda ya ga hoton nan ya ce shi ma irinsa yake so. Ka ɗauki baranda mai zurfi, ka ɗauki bakin rufi mai zarcewa, ka ɗaga daɓen gidan sama da inda ruwa yake kaiwa a watan Agusta da Satumba, kuma ka tambayi masuntan wurin, su suka san iyakarsa. Amma kada ka kwafi buɗaɗɗen ɗaki mai manyan tagogi ta kowane ɓangare. Iskar Maris da Afrilu a Gombe wuta ce, ta hunturu kuma ƙura ce da sanyi. Ɗakin kwananka yana bukatar bango mai kauri da ƙananan tagogi masu murfin katako, a rufe da rana, a buɗe bayan isha'i. Rumfar shan iska kuwa ba sai ka nemo ganyen kwakwa ba. Shuci yana nan, masu baibaya suna nan a ƙauyukanmu, kuma bayan kaka, lokacin da ciyawa ta bushe, ya fi dacewa ka yi ciniki da su.