Aiki a Abuja, kwana a Nasarawa: ina tsarin ya kuskure?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan hoton da kuke gani ba na dare ba ne fa, ƙarfe biyar da rabi na asuba ne a Mararaba, ranar Litinin. Ku kalli fitilun bayan motocin nan, ja wur har iya ganinka, kuma duk waje ɗaya suka dosa, Nyanya, gadar Karu, Kugbo, AYA, sai cikin gari. Tafiyar da in ranar Lahadi ce rabin awa ta ishe ka, yau wani sai ya ci awa biyu a zaune, kwandasta na ta ihu, direba ya kashe mota don kar mai ya ƙone a banza, wata baiwar Allah ta kifa kai a kan jakarta tana rama barci. Ni kaina na yi wata huɗu a Masaka wajen wani yayana lokacin da nake neman aiki, abin da ba na mantawa shi ne in aka sallame sallar asuba ba mai komawa ɗaki, daga masallaci sai bakin titi.

To garin da aka zana shi a takarda tun ba a aza bulo ko ɗaya ba, ya aka yi ya koma haka?

Mu ɗan koma baya. Ranar 3 ga Fabrairu 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar da ta ƙirƙiri babban birnin tarayya, bayan kwamitin Mai shari'a Akinola Aguda ya ba da shawarar a bar Legas, kuma kwana goma bayan nan aka kashe Murtala, Allah ya jiƙansa. An yanko fili mai faɗin murabba'in kilomita sama da 7,000 daga jihohin Neja da Filato da Kwara na wancan lokacin. Ko sunan ma aro aka yi, tsohon garin Abuja ya ba da sunansa shi ya koma Suleja. A 1979 aka kammala babbar taswirar garin, wadda ta ce a gina shi mataki-mataki har ya ɗauki mutum kamar miliyan uku, sai ranar 12 ga Disamba 1991 Babangida ya tare.

Kuma gaskiya a matakin farko an yi abin da ya dace. Garki, Wuse, Maitama, Asokoro, kafin a ce wa mutum ga filinka tuni hukumar raya babban birnin tarayya, wato FCDA, ta shimfiɗa titi, ta binne bututun ruwa, ta binne na bahaya, ta yi magudana, ta ja wuta. Shi ya sa akwai unguwannin da ba ruwansu da kiran motar kwashe shadda, ƙazantar ta ƙarƙashin ƙasa take bi ta tafi matatar Wupa. Wannan shi ne asalin ma'anar tsari, a fara da abin da ake binnewa sannan a zo kan abin da ake gani. Dalilin ma ba wani ɓoyayye ba ne, jan bututu a fili fetal ba ka biyan kowa diyya, amma ka bari sai an cika wurin da gidaje, to sai ka fasa katangar wannan ka rushe shagon wancan, ga kotu, ga masu zanga-zanga, kuɗin ya ninka ya sake ninkawa.

Matsalar ita ce wannan irin aikin tsada gare shi kuma yana tafiya a hankali, su ko mutane ba sa jira. Ƙidayar 2006 ta samu mutum kusan miliyan 1.4 a birnin tarayya, kuma kowa ya san yadda aka yi ta kwarara bayan nan. Birkila da lebura da suka gina garin, direba, maigadi, masinja, malamin makaranta, mai shayi, a ina za su kwana? Hayar Wuse ba ta ɗan albashi ba ce. Nyanya da kuke gani sansanin leburori ce asalinta, wuri na wucin gadi, yau ga ta nan gari guda. Kubwa kuma wurin sake tsugunar da 'yan asalin yankin ne, Gbagyi, waɗanda muka fi sani da Gwari, kafin ma'aikata su cika ta. Da aka zo zamanin rusau lokacin da Malam Nasiru El-Rufai yake minista, tsakanin 2003 da 2007, an share unguwanni da dama da suka saɓa wa taswira, to amma wanda aka rushe wa ɗaki ai ba ɓacewa yake yi ba, kayansa yake ɗorawa a akori-kura ya matsa gaba. Gaban nan kuwa ita ce Mararaba da Masaka a jihar Nasarawa, da Madalla da Suleja a jihar Neja.

A nan ne nake so ku tsaya da kyau, don shi ne zuciyar maganar. Taswirar Abuja a kan iyaka ta tsaya. Kana wuce Nyanya ka shiga Mararaba ka bar hannun FCDA, ka faɗa ƙaramar hukumar Karu, wata gwamnati daban, wani kasafi daban, kuma ba mai aljihun gwamnatin tarayya ba. Amma a rayuwar yau da kullum gari ɗaya ne, mutum ɗaya ne yake aiki a can yana kwana a nan, 'ya'yansa na makaranta a nan, in ciwo ya tashi asibitin nan zai fara zuwa, shararsa a nan yake zubarwa. Har kan haraji abin ya shafa, don a doka harajin albashi na jihar da mutum yake zaune ne ba inda ofishinsa yake ba, kuma Nasarawa ta sha kokawa cewa rabonta ba ya isowa yadda ya kamata. Kun ga kenan wanda ke ɗauke da nauyin mutanen ba shi ne yake riƙe da kuɗin ba.

Yanzu bari mu shiga cikin unguwa ku ga yadda gari ke tsirowa in ba tsari. Mai gona ya ga fili ya yi daraja, ya kira dillali, a kawo igiya a yanka fuloti-fuloti, abin da muke ce wa awon igiya, a bar wani ɗan lungu a tsakani wanda da ƙyar mota ɗaya za ta ratsa, ba filin makaranta, ba na asibiti, ba ma inda za a kafa taransifoma. Kowa ya gina nasa, kowa ya haƙa sokawe, mai hali ya yi bohol, wani lokacin tsakanin sokawen maƙwabci da bohol ɗinka taku kaɗan ne. Mara hali kuma sai ɗan garuwa. A layin yayana kullum da sassafe za ka ji ƙarar kura, yaro ya jera jarkoki yana turawa a kan hawa, in taya ta faɗa rami sai ya sa kafaɗa, gumi sharkaf, in rani ya tsananta kuma kuɗin jarka ya tashi. Wuta kuwa karo-karo aka yi, gida-gida aka bi aka tara kuɗin fal da waya, da taransifomar ta ƙone aka sake bin gidajen da littafi. Abin da ke ba ni haushi shi ne in ka zauna ka lissafa, talakan nan yana biyan kuɗin ruwa fiye da wanda famfo ke zuba a ɗakin girkinsa a Maitama, sai dai shi kaɗan-kaɗan yake biya shi ya sa ba ya gani.

Kar ku ɗauka abin na talaka ne kaɗai. Daga wajajen shekarar 2000 gwamnati ta riƙa ba kamfanoni manyan filaye su gina rukunin gidaje, da nufin ita za ta kawo babban titi da ruwa, sai gidajen suka riga ta isa. Ku je Lokogoma ko Lugbe, gida na gani na faɗa, get na alfarma, amma titin shiga ja ne, kowane gida da tankinsa da janaretonsa. Wasu ma a kan hanyar ruwa aka gina su, ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa, a watan Yunin 2023 ambaliya ta shanye gidaje masu yawa a wani rukuni a Lugbe, duk mun ga bidiyon motoci a nutse.

Abin mamaki, an san yadda ake tsarin da ya tsallake iyakar jiha, don an yi shi a harkar ruwan sha. Madatsar Usuma da ke wajen Ushafa ita ce ke shayar da Abuja, da aka ga ba za ta wadatar ba sai aka gina ta Gurara a jihar Kaduna, aka jawo ruwan ta wani ƙaton bututu mai tsawon kusan kilomita 75. Kenan in ana so ana iyawa. Sai dai ruwan shigowa yake yi ya tsaya, ba ya fita ta ɗaya ɓangaren ya kai wa masu kwana a Masaka.

Jirgin ƙasa ma haka. Layin Abuja zuwa Kaduna an buɗe shi a Yulin 2016, na cikin gari kuma a Yulin 2018, ya haɗa tsakiyar gari da Idu da filin jirgin sama, da reshe ta wajen Kubwa. Korona ta zo a 2020 aka dakatar, sai a Mayun 2024 aka dawo da shi. Ban ce aikin banza ba ne, amma ni a ganina an fara ta inda ba nan cunkoson ya fi muni ba, layin da aka tsara zai bi ta Nyanya shi ne bai samu ba. Ga kuma titin Apo zuwa Karshi, wanda aka ba da kwangilarsa tun 2011 don ya rage wa hanyar Nyanya nauyi, mutane suka shekara fiye da goma suna jiransa. Ƙara faɗin titin Keffi yana taimakawa, ba musu, amma muddin kowa waje ɗaya zai nufa da safe ya juyo da yamma, duk layin da ka ƙara cika zai yi.

Shi ya sa masu tsara birane ke cewa maganin ba titi kaɗai ba ne, a kai aikin kusa da inda ake kwana. Kuma tushen yana nan, ba ƙirƙiro shi za a yi ba. Dei-Dei babbar kasuwar kayan gini ce, Zuba ga kayan marmari ga kayan gyaran mota, Idu an ware ta don masana'antu kuma ga tashar jirgi a gefe, Keffi da Gwagwalada kowacce da jami'arta. Mai walda ko mai injin niƙa ko mai buga bulo a Masaka, in ya samu wuta tsayayya da titin da babbar mota za ta iya shiga, yara biyar zai ɗauka aiki, yaran nan biyar kuma sun fita daga goslon asuba kenan. Amma ba mai kafa masana'anta a inda zai fara da sayen taransifoma da haƙa bohol da cike rami kafin ya kunna inji.

Abin da ya fi araha a duk lissafin nan kuma shi ne wanda aka fi sakaci da shi, wato kama hanya tun wurin yana gona. Ba sai an zuba kwalta yau ba, safiyo ya je ya kafa duwatsu, nan babban titi ne, nan hanyar ruwa ce ba a gini, nan makaranta, nan kasuwa, a biya mai gona diyyarsa tun ƙasa na da sauƙi, sannan a tsare wurin. Wannan kuwa ba zai yiwu ba sai birnin tarayya da Nasarawa da Neja sun zauna kan taswira ɗaya, da ƙananan hukumomi da masu unguwanni, tunda su ne ke sa hannu a takardar cinikin fili.

Ku dubi hoton ƙarshen nan, daga sama aka ɗauke shi, tsakanin Masaka da Keffi. Koren nan gonaki ne, ɗigo-ɗigon farin da ke cikinsu kuma kwanon sababbin gidaje ne, wasu ko filasta ba a yi musu ba. Haka Mararaba take a da. In kuna zaune a wajajen nan, ko Kuje, ko Suleja, ku rubuto mana a ƙasa nawa kuke sayen jarkar ruwa a layinku, da ƙarfe nawa kuke fita da safe, da su za mu haɗa bidiyo na gaba. Sai mun ji ku.