Sharhi: Hantar Tarwada da Ruwan Kogin Challawa

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Duk matar da ta saba gyaran tarwada ta san hantar lafiyayyen kifi, ja ce mai duhu, a dunƙule. Idan aka farke ciki aka tarar ta koɗe, ta kumbura, tana dagargajewa tsakanin yatsu, to sai a tambayi ruwan da kifin ya fito.

A kifi, kamar a mutum, hanta ce ke tace dafi. Ruwan da kamfanonin jima na Challawa da Sharada a Kano ke zubarwa yana ɗauke da sinadarin kuromiyom, wani nau'in ƙarfe, ya gangara kogin Challawa, ya haɗu da kogin Kano, ya nufi Wudil. Na Bompai kuwa ya bi Jakara zuwa madatsar Wasai. Kifi ba shi da wurin gudu, a ciki yake numfashi, a ciki yake kiwo.

Abin da ya fi damuna shi ne ɓarnar tana farawa tun kifin yana iyo lafiya lau a ido. Akwai sinadarai biyu, ALT da AST, da mazauninsu cikin ƙwayoyin hanta ne. Da ƙwayoyin sun fara fashewa, sai su kwarara cikin jini, su yi yawa. Su ne dai likita ke dubawa idan ya tura ka gwajin hanta. Jajayen ƙwayoyin jini kuma su ragu, sukari ya hau saboda wahala. A haka masunci zai kama shi, ya kai kasuwa, mu saya. Kuma banda ko suya ba sa fitar da ƙarfen da ya taru a jikinsa.

Ga kuma masu zuba maganin ƙwari na Gamalin 20 a tafki don kifi ya taso sama. Sinadarin da ke cikinsa Lindane ne, wanda yarjejeniyar ƙasashen duniya ta Stockholm ta sa cikin jerin haramtattun sinadarai a 2009, kuma a kitse yake taruwa. Wallahi wannan ba kamun kifi ba ne, kisa ne.

Ba sai mun jira gawar kifi ta cika gaɓa ba. Allura ɗaya a gindin wutsiyar tarwada ta isa a ɗebi jinin gwaji. Hukumar NESREA mai kula da kare muhalli da masana a Jami'ar Bayero su riƙa yin wannan gwaji rani da damina, a Tamburawa da Wudil da Wasai, sannan a karanta wa sarakunan ruwa da masunta sakamakon da Hausa.