Bindigar da sabon mafarauci zai nema kafin ya fuskanci ɓauna

Assalamu alaikum. Alhazai, 'yan uwa, sannunku da haƙurin cunkoson hanya, musamman waɗanda suka taso daga Mile 12 da Idi Araba zuwa nan Agege. Tambayar da aka ba mu ita ce: mutumin da bai taɓa farautar manyan namun daji ba, ya biya kuɗin tafiya Afirka ta Kudu ko Namibiya ko Zimbabuwe, wace bindiga zai riƙe, wane harsashi zai zuba mata?

Mu fara da doka. A Yankari ko Gashaka Gumti kallo ake zuwa yi, ba a harbi. Kenya ma ta hana irin wannan farauta tun 1977. Inda ake yin ta da izini, a wurare da yawa gwamnati ce ke ƙayyade yawan dabbobin da za a harba, kuma baƙo ba ya shiga daji sai da jagora mai lasisi. A nan gida, Dokar Makamai ta 1959 ta ce bindigar farauta sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, kuma kun san samun wannan takarda ba wasa ba ne. Don haka shawarata ga ɗan Legas a tafiyar farko ita ce ya yi hayar bindigar sansanin farautar da zai sauka. Sai dai mai haya ma dole ya san abin da zai nema, ya rubuta wa jagora tun watanni kafin tafiya ya tambaye shi bindigogin da yake da su.

Lambar da kuke gani a jikin bindiga faɗin harsashi take nufi. In an ce .375, kusan milimita 9.5 ke nan. In an ce .30-06 ko .308, kusan milimita 7.8. Nauyin dalma kuwa da giren ake auna shi, giren 300 kusan giram 19 da rabi ne.

Namun sun kasu biyu. Akwai na fili waɗanda in an harbe su gudu suke yi, kamar gwanki, jakin dawa, gadu da dangin barewa. Ga waɗannan, .30-06 da ta fito a Amurka a 1906, ɗauke da dalma mai giren 180, ta wadatar. .308 Winchester ta 1952 ma haka. Namibiya tana neman aƙalla milimita 7, kuma duka biyun sun haye. Harsashinsu ba ya wuyar samu, kusan kowane sansani yana da su.

Kashi na biyu su ne masu juyowa kan mutum: ɓauna, giwa, dorina, zaki, damisa. Sabon hannu galibi da ɓauna yake farawa, namiji mai kilo 600 zuwa 800, fata mai kauri, haƙarƙari masu faɗi da suka kusan rufe juna. Ƙasashe da yawa, ciki har da Tanzaniya, sun sa .375 a matsayin mafi ƙanƙanta. Zimbabuwe da ƙarfin harbi take aunawa, jul 5,300 da faɗin milimita 9.2, Namibiya kuma jul 5,400. Wadda ta cika waɗannan sharuɗɗa duka ita ce .375 H&H, wadda kamfanin Holland & Holland na Landan ya fitar a 1912. Tana jefa giren 300 da gudun kusan mita 770 a daƙiƙa, kuma har mita 200 ba ta faɗuwa sosai, shi ya sa bindiga ɗaya za ta yi maka ɓauna da safe, gwanki da yamma. Akwai 9.3x62 ta Otto Bock, ɗan Jamus, ta 1905, mai sauƙin naushi, wato bugun da bindiga ke yi wa kafaɗa in ta tashi, amma ba kowace ƙasa ke yarda da ita ga ɓauna ba, sai an tambaya.

To me ya sa ba za a ce .416 Rigby ko .458 Winchester ba, tunda sun fi ƙarfi? Naushi, Alhaji. Naushin .375 a kafaɗa ya kai ninki biyu na .30-06, na .416 kuma kusan ninki uku. Wanda bindiga ta nausa sau biyar, jikinsa yakan koyi tsoro ba da saninsa ba. Kafin ta tashi ya runtse ido, ya fizgi kunama, bakin bindiga ya sunkuya. Sai dalma ta sami ciki ko ƙafa maimakon huhu, ɓauna ta shige sarƙaƙiya da rauni, masu bin sawu su shiga haɗari. Kuma ƙa'idar sansani ce, in aka ga ɗigon jini ka biya kuɗin dabbar cif, ko an same ta ko ba a same ta ba. Gwajin wannan cuta mai sauƙi ne. Ka juya baya, jagora ya loda maka, wani lokaci ya sa harsashin wofi marar albarushi. In kunama ta ce ƙas, bakin bindiga ya yi tsalle, to kana da ita, ka koma ƙaramar bindiga ka gyara hannu.

Ita kanta bindigar, a nemi mai sakata, wadda ake jan hannu baya a tura gaba. Masu baki biyu na tsofaffin Turawa suna da kyan gani, amma tsadarsu ta wuce hankali kuma sai gwani. Ƙirar Mauser ta 1898 da 'ya'yanta, irin su Winchester Model 70 da CZ 550, suna da ƙugiya mai faɗi da ke cafke gindin harsashi tun yana fitowa daga gidansa har a fitar da ƙwanso. Matsalar da ta fi faruwa daga hannu take zuwa. Harsashin .375 dogo ne, kusan milimita 91, kuma mutum a firgice yakan ja sakata rabi ya tura. Ko dai ƙwanson ya koma ciki ka ja kunama a banza, ko biyu su cushe. Ja ta har ta buga ƙarshe, da ƙarfi, ba ta karyewa. Nauyi kuma kada ya gaza kilo 4 zuwa 4 da rabi haɗe da madubin saitinta, don mai shafal ta fi duka. Abin rage naushi da ake ɗaurawa a baki, ku bar shi, yana kurmantar da waɗanda ke tsaye a gefenku.

Madubin saiti ga ɓauna mai kusantowa ninki 1 zuwa 6 ya isa, kuma a bar shi a kan mafi ƙanƙanta yayin tafiya. Wanda ya manta shi a kan 6, dabba ta taso masa a taku ashirin, baƙin gashi kawai zai gani. Tazarar ido da madubi ta kai santimita 9, in ba haka ba bakinsa ya tsaga maka gira.

Dalma ta fi lambar bindiga muhimmanci. Harbin farko a ɓauna a yi shi da mai buɗewa amma ba ta wargajewa, kamar Swift A-Frame ko Barnes TSX. Ta banza mai laushi takan fashe a ƙashin kafaɗa ba ta kai zuciya ba. Dunƙulalliya marar buɗewa ta giwa ce, wasu jagorori kuma suna sa ta a ƙasan gidan harsashi don harbin biyo baya. A gwada duka biyun a takarda, a tabbatar wuri ɗaya suke sauka a mita 100.

A daji ba a harbi daga kan tebur. A tsaye ake yi, bindiga a kan sanduna uku da aka ɗaure. Ka nemi a ware maka ranar farko a filin gwaji. Ma'auninka faranti mai faɗin santimita 20: nisan da kake samun sa sau biyar a jere daga kan sanduna, nan ne iyakarka, ka gaya wa jagora. In ɓauna ta ba ka gefe, bi ƙafar gaba zuwa sama, kashi ɗaya cikin uku na kaurin jiki daga ƙasa, ka ambaci sunan Allah, ka matse kunama a hankali, ka sake lodawa nan take ba tare da sauke gindin bindiga daga kafaɗa ba.

Wani ya tambaya ta takarda game da wanda yake da tasa da cikakken lasisi. Jiragen sama kilo 5 na harsashi suke yarda da shi ga mutum ɗaya, a kulle, bindiga kuma babu komai a ciki, a akwati mai tauri. Afirka ta Kudu tana son fom ɗin 'yan sandanta na neman izinin shigo da bindiga, SAPS 520, da wasiƙar gayyata daga sansani, ba ta yarda da fiye da harsashi 200 ga kowace bindiga ba, kuma mai shigo da ita ya kai shekara 21. Takardar izinin fita da ita daga Najeriya a nema tun kafin a yanki tikiti. Lokacin sallah ya yi, sauran tambayoyin sai bayan la'asar.