Jiki da Kansa ke Kai Maganin Inda Ciwon Yake: Lacca kan Likitancin Nukiliya

An rubuto wannan daga faifan laccar da wani likita mai aiki a sashen likitancin nukiliya ya gabatar ga jama'a. An rage gaishe-gaishe da maimaici.

Assalamu alaikum. Iyayena, malamaina, ɗalibai, sannunku da zuwa.

Bari in soma da wata baiwar Allah da aka taɓa turo mini. Ta rame ƙwarai, hannunta na karkarwa har ba ta iya kai kofi baki sai ruwan ya zube, gabanta na ta bugawa kamar wadda aka koro, ga gumi ko ana sanyi, ga rashin barci. Gwajin jini ya nuna tairod ɗinta ce ke aiki fiye da kima. Tairod ita ce halittar nan da ke gaban wuya, wadda in ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Ta fi shekara tana shan ƙwayoyi, da zarar ta daina sai ciwon ya dawo. Na ce mata, "Hajiya, akwai magani, ƙwaya ɗaya za ki haɗiya, aidin ne mai tururin nukiliya." Kalmar ƙarshen nan kaɗai ta shiga kunnenta. Ta ɗauki jakarta ta ce, "Likita, ni ba za a sa mini bam a ciki ba." Wata huɗu ban sake ganinta ba, kuma a watannin nan zuciyarta ce ta sha wahala. Har yau abin yana damuna, domin da na zauna na yi mata bayanin da zan yi muku yanzu, da ba ta tafi ba.

Kowa a nan ya san hoton eksre. Haske ne ke fitowa daga na'ura, ya ratsa jikinka, ya bar inuwar ƙashi a ɗaya gefen. CT ma haka take, sai dai ta fi fayyacewa. Irin waɗannan hotuna siffa suke nunawa: girman abu, wurinsa, ko ya karye ko bai karye ba. Mu a namu sashen, tushen hasken muke shigarwa cikin jiki, ɗan kaɗan, ta allura ko ta baki ko ta shaƙa, sannan kyamara ta tsaya a waje tana kallon inda ya tafi. Abin da muke tambaya shi ne, gaɓar nan aiki take yi kuwa? Ƙoda tana iya fitowa a hoto da kyakkyawar siffa alhali ta kusa daina tacewa. Ciwo kuma sau da yawa yakan taɓa aikin gaɓa kafin ya taɓa siffarta.

Wanda ya buɗe wannan ƙofa wani masanin kimiyya ne ɗan Hungari, George de Hevesy. A 1923 ya shayar da tsiro ruwa mai ɗauke da dalma mai tururi, wato mai fitar da hasken nukiliya da ido ba ya gani, ya bi diddigin yadda take hawa daga saiwa zuwa ganye, kuma ya samu kyautar Nobel ta 1943 a kan wannan hanya. Hikimar ita ce jiki ba ya bambanta sinadari mai tururi da ɗan'uwansa marar tururi. Duk inda zai kai wannan, nan zai kai wancan. Kamar makiyayi ne ya rataya wa akuya ɗaya ƙararrawa: ko dare ya yi, da jin ƙarar ya san inda garken ya nufa.

Ƙararrawar da muka fi amfani da ita sunanta teknishiyam-99m. Kusan kashi 80 cikin 100 na hotunan da ake ɗauka a wannan fanni a duniya da ita ake yi. Emilio Segrè da Carlo Perrier ne suka gano sinadarin teknishiyam a Italiya a 1937. Abin da ya sa muke son nau'in 99m shi ne gajeren ransa. Kowane sinadari mai tururi yana da wa'adin da ƙarfinsa ke raguwa da rabi, kuma nata awa 6 ne. Ku lissafa tare da ni. An yi maka allura ƙarfe 8 na safe. Ƙarfe 2 na rana saura rabi. Ƙarfe 8 na dare saura rubu'i. Kafin ƙarfe 8 na washegari, kashi ɗaya cikin 16 ya rage, ban da wanda ya riga ya fita ta fitsari.

To abin da ke ƙarewa cikin yini ɗaya, yaya za a yi a ajiye shi a asibiti? Ba ya ajiyuwa. Uwarsa ake kawowa, molibdinam-99, mai wa'adin awa 66, a cikin wata tukunya mai nauyi da aka lulluɓe da dalma. A hankali uwar take rikiɗewa tana zama teknishiyam. Kowace safiya ma'aikaci zai sa safar hannu, ya tsaya bayan gilashi mai dalma, ya tura ruwan gishiri ta cikin tukunyar, ruwan ya wanko teknishiyam ɗin zuwa cikin ƙaramar kwalba ya bar uwar a ciki. Ma'aikatan fannin suna kiran tukunyar nan saniya, aikin kuma tatsa, kuma a ɗakin bincike na Brookhaven a Amurka aka ƙirƙiro ta a ƙarshen shekarun 1950. Bayan mako ɗaya ko biyu saniyar ta ƙafe, sai a kawo sabuwa.

A nan akwai abin da ke tayar mini da hankali. Molibdinam ɗin da duniya ta dogara da shi daga tukwanen nukiliya na bincike 'yan ƙalilan yake fitowa, irin na Petten a Holand, da na Mol a Beljiyam, da SAFARI-1 a Afirka ta Kudu, da OPAL a Ostireliya, kuma yawancinsu sun tsufa. A 2009 da tukunyar Chalk River ta Kanada ta tsaya saboda yoyo, asibitoci a ƙasashe da dama sun yi ta ɗage wa marasa lafiya rana. Shi ya sa idan aka ba ka lokaci a sashenmu muke roƙon kada ka makara. Allurarka tun asuba take ƙonewa, ko ka zo ko ba ka zo ba.

Teknishiyam ita kaɗai ba ta san hanya ba, sai an goya ta a bayan wani sinadari da ya san gidan da za shi. In ƙashi muke nema, sai mu haɗa ta da sinadarin da ke mannewa a inda ƙashi ke gyara kansa. A yi maka allura, ka sha ruwa sosai, ka jira awa 2 zuwa 3, sannan ka kwanta kyamarar gama ta bi ka daga kai zuwa ƙafa. Kyamarar nan, wadda Hal Anger ya ƙera a Berkeley wajen 1957, ba ta fitar da haske ko kaɗan, karɓa kawai take yi. Sai ƙasusuwanka duka su fito a allo, kuma inda ciwon daji ya yaɗu ya bayyana kamar ɗigon tawada a kan haƙarƙari ko gadon baya. Haka ake duba ko jini na isa tsokar zuciya, da rabon aikin da kowace ƙoda ke yi, da kaluluwar farko da ciwon dajin nono zai bi, don likitan tiyata ya cire ita kaɗai ya gwada maimakon ya kwashe duk na hammata.

Sai hoton PET, wanda nake so in ɗan daɗe a kansa. Tun shekarun 1920 Otto Warburg a Jamus ya lura ƙwayoyin ciwon daji suna da haɗamar sukari fiye da lafiyayyu. Sai aka ƙera wani sukari na jabu, FDG, aka liƙa masa fulorin-18. Ƙwayar halitta ta ɗauka abinci ne, ta jawo shi ciki, amma ta kasa ƙone shi, sai ya maƙale. Wadda ta fi haɗama ita ta fi tara shi. Fulorin ɗin yana sakin wani ɗan ƙwaya mai suna fozitiron, wanda da ya yi karo da ilektiron sai dukansu su ɓace su zama haske biyu, ɗaya ya yi gabas ɗaya ya yi yamma. Zoben na'urar ya kama su a lokaci guda, kwamfuta ta ja layi tsakaninsu, daga miliyoyin layuka hoto ya fito. Yanzu ana haɗa shi da CT a na'ura ɗaya, wannan ya nuna aiki, wancan ya nuna wuri. Wa'adin fulorin-18 minti 110 ne kacal, saboda haka dole injin da ke yin sa, saiklotiron, ya kasance kusa, ko a samu jirgin da zai kawo shi kan kari.

Shi ya sa muke takura wa mai zuwa PET. Kada ka ci komai na awa 4 zuwa 6. Bayan allura ka kwanta shiru na kusan awa ɗaya, ban da yawo, ban da dogon surutu, domin tsokar da ta motsa za ta sha sukarin ta ɓata hoton. Mai ciwon sukari kuma sai an daidaita sukarinsa tukuna. Ina roƙon ɗalibai su riƙe wannan: ba duk abin da ya haskaka ne ciwon daji ba. Ƙwaƙwalwa kullum tana haskawa, mafitsara ma haka. Kumburi yana haskawa, tarin fuka yana haskawa har ya ruɗi ƙwararre. Hoto yana nuna mana inda za mu ɗebo tsoka ne a gwada, gwajin tsokar shi ke yanke hukunci.

Mu koma ga Hajiyar nan. Idan jiki zai iya kai fitila inda ciwo yake, zai iya kai garwashi. Tairod ce gaɓar da ke tsotse aidin daga jini don ta yi sinadarinta, kuma ba ta da abokin takara na kirki a wannan. Aidin-131, mai wa'adin kwana 8, yana sakin ƙwayoyin bita waɗanda tafiyarsu cikin tsoka ba ta wuce milimita ɗaya ko biyu. Ka haɗiye shi, tairod ta tara shi da kanta, ya ƙone ta daga ciki, maƙwabtanta kuma ba su sha wani zafi sosai ba. Likita Saul Hertz ne ya fara yi wa marar lafiya wannan magani a Boston a 1941, wato sama da shekara 80 ke nan ana yin sa ana bibiyar waɗanda aka yi wa. Ana kuma amfani da shi bayan tiyatar mafi yawan nau'o'in ciwon dajin tairod, don ya share ragowar da wuƙa ba ta kai gare ta ba, har wadda ta gudu zuwa huhu.

Hajiya ta dawo, ɗanta ne ya rako ta. Na zana mata komai a takarda, ta haɗiyi ƙwayar. Bayan wata uku ta miƙo mini hannunta ta ce in duba, ba ya rawa. Na riga na gaya mata gaskiya cewa mai yiwuwa tairod ɗin ta koma yin ƙasa da kima, haka kuwa aka yi, yanzu tana shan ƙwayar tairoksin ɗaya kowace safiya. A ganina wannan ciniki ne mai riba, domin ƙarancin yana da sauƙin gyarawa, yawan kuwa yana cin zuciya da ƙashi.

Sabon abin da ake yi yanzu shi ne a yi amfani da ɗan aike ɗaya sau biyu. A ciwon dajin furostet, ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, akwai wata alama a jikin ƙwayoyin cutar mai suna PSMA. Da farko a goya wa ɗan aiken galiyam-68 a ɗauki hoto. In an ga ya isa ga ciwon, sai a sake tura shi ɗauke da lutishiyam-177 ya yi ƙuna. Amurka ta amince da wannan magani, Pluvicto, a 2022, bayan ta amince da Lutathera a 2018 don wasu ciwace-ciwacen daji na hanji da makamantansu. Kada in yi muku zuƙi-ta-malle: ga wanda ciwonsa ya yi nisa, wannan ba warkewa ba ce. A babban gwajin da aka yi, ƙarin rayuwar da aka samu a matsakaici kimanin wata huɗu ne. Amma wanda ya zauna da mai ciwon ƙashi da dare ya san darajar sauƙin raɗaɗi.

Maganar haɗari kuma, akwai shi, kaɗan ne, kuma aunawa muke yi. Kowane ɗan Adam yana shan tururi daga ƙasa da iska da sararin sama, a matsakaicin duniya kimanin milisibat 2.4 a shekara, milisibat kuwa shi ne ma'aunin tururin da jiki ya sha. Hoton ƙashi ɗaya yana kusa da na shekara biyu. Don haka ba na yarda a yi wa mutum wannan hoto don kawai yana son ya ga cikinsa. Sai in amsar za ta canza abin da likita zai yi.

Da aka ba da damar tambaya, wani dattijo ya ce, "Likita, shin wannan shi ne gashin da ake yi wa masu ciwon daji?"

Baba, 'yan gida ɗaya ne amma ba ɗaya suke ba. A gashi, na'ura ce ke harbo haske daga waje zuwa wurin da aka auna, kuma da ka sauka daga gadon babu sauran tururi a jikinka. A namu kuwa maganin yana cikin jini, yana bin ciwon duk inda ya ɓuya, kuma za ka yi 'yan kwanaki ɗauke da shi.

Wata mata ta ce, "Likita, ƙanwata aka ce za a ba wa aidin ɗin nan, tana goyo. Ba zai hana ta haihuwa ba?"

Malama, na gode da wannan tambaya. Ba ya hana haihuwa, mata da yawa sun sha sun haihu lafiya. Amma akwai sharuɗɗan da ba ma sassautawa. Mai juna biyu ba a ba ta ko kaɗan, domin daga wajen mako na 10 zuwa 12 tairod ɗin ɗan tayi ta soma tsotsar aidin, shi ya sa muke gwajin ciki kafin a ba da ƙwayar. Aidin yana fita ta ruwan nono, saboda haka sai ta yaye yaron makonni kafin ranar, kuma ba za ta mayar da shi nono ba, amma wanda za ta haifa nan gaba za ta shayar da shi yadda ta saba. Bayan ta sha, ta jinkirta ɗaukar ciki aƙalla wata 6. A kwanakin farko ta kwana ita kaɗai, ta rage ɗaukar yaron a jiki, ta sha ruwa da yawa, ta kora banɗaki sau biyu, ta wanke hannu sosai. Yawan kwanakin ya danganta da ƙarfin abin da aka ba ta, kuma za a rubuta mata a takarda. Ki raka ta ranar da za ta ga likitanta, ku tafi da tambayoyinku a rubuce, kuma tun yanzu ku shirya wanda zai riƙe mata yaron a makon farko.