Linux Ya Fi Ƙarfin Faifan CD: Ga Yadda Za Ka Ɗora Shi

Assalamu alaikum, jama'a, barkanmu da warhaka. Kun ga waɗannan faifai uku da ke kan teburina? Duk sun tashi aiki. Wani ƙanena ɗalibi ne ya taso da su tun daga Yelwa zuwa nan shago, ransa a ɓace. Ko zama bai yi ba ya ce, "Yaya, wallahi faifan da ake sayarwa yanzu duk jabu ne. Sau uku ina gwada buga sabon Ubuntu, yana ƙi." Na ce masa, "Zauna tukuna ka sha ruwa. Fayil ɗin da ka sauke, nawa ne nauyinsa?" Ya buɗe laftof, muka duba tare. Wajen GB 6. Na juya faifan na nuna masa rubutun da ke jikinsa: MB 700, minti 80.

Faifan ba shi da laifi. Ubuntu wani nau'in Linux ne, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, kuma fayil ɗinsa ya fi ƙarfin CD. Buhun masara ne ake son a juye a kwanon awo. Giga ɗaya kusan MB 1000 ne, don haka in ka yi lissafi, fayil ɗin nan sai ya cinye faifai kusan tara. Yadda aka yi ya lalata ukun kuwa, da manhajar buga faifai ta ƙi, sai ya dinga dabara: na farko ya matse fayil ɗin, na biyu ya yanka shi gida-gida, na uku ya kwashe wasu kayan ciki ya buga sauran. Za mu zo kan wannan.

Shi ma yaron ba daga sama ya ɗauko tunanin ba. A da haka ake yi. Shekara da shekaru masu Ubuntu suna takura kansu don komai ya shiga faifai ɗaya, har zuwa fitowar 12.04, wato ta watan Afrilun 2012. Daga 12.10, a watan Oktoba na wannan shekarar, suka ce sun gaji da wannan takura, fayil ɗin ya haura MB 700, kuma tun daga nan sai ƙiba yake yi. Af, lambobin nan ba na ado ba ne: biyun farko shekara ce, biyun ƙarshe wata. 24.04 na nufin Afrilun 2024.

To me ya sa dabarun nan ba sa ci? Nan nake son ku ba ni kunnenku sosai. Fayil ɗin da sunansa ya ƙare da ISO ba kamar waƙa ko fim ba ne da za ka kwafa ka ajiye inda ka ga dama. Hoton faifai ne sukutum, an tsara wurin zaman kowane abu a cikinsa, har da ɗan guntun da kwamfuta ke fara karantawa da zarar ka kunna ta, tun kafin ta san akwai wani abu wai shi Windows ko Linux. In ka yanka shi biyu, rabin farko zai nemi kayan da ke rabi na biyu ya rasa. In ka ce za ka matse shi, ɓata lokacinka kawai za ka yi, domin mafi yawan abin da ke ciki an riga an matse shi tun daga can. Tufar da aka riga aka matse, ko ka sake murɗa ta ba ruwan da zai fito. Akwai kuma masu cewa a tilasta wa na'urar ta rubuta har bakin faifai. Eh, ana samun ɗan ƙari, amma 'yan megabait ne, ba giga ba.

Sai DVD. Na gama-gari yana ɗaukar GB 4.7, kuma ya ishi wasu nau'o'in Linux kamar Linux Mint ko Lubuntu, waɗanda ke wajen GB 3. Amma Ubuntu 24.04 ko a nan ma ba ya shiga, sai dai DVD mai hawa biyu, na GB 8.5, wanda samunsa sai an sha yawo. Sannan duba murfin wurin saka faifai na kwamfutarka: in CD kaɗai aka rubuta, ba za ta iya buga DVD ba ko ka sayo. In kuma ka samu ya shiga, ka zaɓi buga shi a matsayin hoton faifai, kada ka ja shi ka jefa kamar fayil.

Ni dai shawarata filash. Na GB 8 ya isa. Amma a kula, araha ba ta ado. Akwai filash ɗin da za ka ga an rubuta GB 64 a jikinsa a kuɗin da bai kai na GB 8 ba, ka tura kaya su shiga lafiya lau, ranar da za ka buɗe ka tarar da wayam. Saya a wurin wanda in abu ya ɓaci za ka iya komawa ka same shi.

Ku duba allo. Wannan manhajar sunanta Rufus, kyauta ce, a kan Windows take aiki. Ka soka filash, ka tabbatar sunansa ne ya fito a layin farko, ka zaɓo fayil ɗin ISO. Ga wurin da mutane ke rikicewa: zaɓen tsarin da za a yi wa filash ɗin, MBR ko GPT. In tsohuwar kwamfuta ce mai BIOS, wato tsarin tada kwamfuta irin na da, MBR. In ta zamani ce mai UEFI, GPT. Da ka danna ya fara, zai gargaɗe ka cewa duk abin da ke cikin filash ɗin zai goge. Da gaske yake, ba barazana ba ce. Hotunan biki da takardun makaranta, kwashe su tukuna. Wanda yake kan Linux ko Mac yana iya amfani da balenaEtcher. Mu da muke gyara kullum kuwa mun fi son Ventoy, don sau ɗaya ake shirya filash da shi, daga nan sai ka dinga zuba fayilolin ISO iri-iri, in kwamfuta ta tashi ka zaɓi wanda kake so.

Masu son baƙin allo, wato Terminal inda ake rubuta wa kwamfuta umarni, suna da umarnin dd. Yana aiki, amma ba ya tambaya, ba ya gargaɗi. Ka rubuta sda, wanda galibi sunan rumbun kwamfuta ne, a inda ya kamata ka rubuta sdb na filash, sai ka share babban rumbun kwamfutarka gaba ɗaya. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya. In hannunka bai faɗa ba, bar shi.

Wani ƙaramin tarko kuma: ka je wurin abokinka ka kwafo fayil ɗin don ka huta da sayen data, sai filash ya ce fayil ya yi girma, alhali ga wuri nan fili. Tsarin ajiyar filash ɗin ne, FAT32, ba ya karɓar fayil guda da ya wuce GB 4. Yi masa fomatin zuwa exFAT ko NTFS, magana ta ƙare. Kuma kafin ka rubuta shi a filash, gwada lambar SHA256 ta fayil ɗinka, wato lambar da ke nuna ko ya sauko daidai, da wadda ke shafin masu shi. Da irin sabis ɗinmu mai zuwa yana ɗaukewa, fayil yakan sauko da rauni ba ka sani ba.

Filash ya shirya, sai ka kashe kwamfuta, ka soka shi, ka kunna kana danna maɓallin zaɓen inda za ta tashi. Galibi a Dell da Lenovo F12 ne, a HP kuma F9. Danna shi da sauri-sauri tun kafin tambarin kamfani ya wuce.

In kuwa tsohuwa ce tukuf wadda ba ta san tashi daga filash ba, a nan ne faifan CD ke da rana. Akwai 'yar ƙaramar manhaja, Plop Boot Manager, da ake bugawa a CD. Kwamfuta ta tashi daga faifan, shi kuma ya miƙa ta ga filash. Ko ka nemi ƙaramin fayil ɗin Debian, wani nau'in Linux, da ake kira netinst. Na Debian 12 bai kai MB 700 ba, yana shiga CD, sauran kayan sai ya jawo su ta intanet yayin girkawa. Irin waɗannan tsofaffin ma kada ka ɗora musu Ubuntu 24.04, wanda ke son RAM na GB 4. Tun 17.10 ma masu Ubuntu suka daina fitar da na tsofaffin kwamfutoci masu bit 32.

Yanzu ga abin da ya ba ni dariya. Ina cikin wannan bayani sai na lura laftof ɗin yaron Ubuntu 22.04 ne a kai, yana aiki garau. Na ce, "Kai, ai ba ka buƙatar faifai, ba ka buƙatar filash." Wanda ke da Ubuntu a kwamfutarsa, sabuntawa kawai zai yi. Ka buɗe baƙin allo, ka rubuta sudo apt update, sannan sudo apt upgrade, in sun gama ka rubuta sudo do-release-upgrade. Zai ɗaga ka zuwa na gaba, fayilolinka suna nan inda ka bar su. Sai dai ba a tsallake: daga 20.04 sai ka bi ta 22.04 kafin ka kai 24.04. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Kwafe muhimman kayanka a wani wuri, ka tanadi data isasshiya, ka cika batir. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki kuma batirinka ya mutu, kwamfuta na iya ƙin tashi, a lokacin ne za ka nemi filash ɗin nan ido rufe.

A nan shago muka yi nasa, da janareta a kunne, tsakanin la'asar da magariba. Da zai tafi na tura masa faifansa uku, ya ce, "A'a Yaya, riƙe su." Wani dattijo da ya kawo gyaran waya, yana zaune yana jinmu, ya ce in ba ma so a ba shi, zai rataya su a gonar gero, ƙyallinsu na korar tsuntsaye. Na ce masa, "Baba, bari in gama ɗaukar bidiyo tukuna." Gobe da safe zai biyo ya karɓa.