Guangzhou kuke cewa, amma garin ya wuce Guangzhou

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Yau a cikin metro, wato jirgin ƙasa na cikin gari, kuka same ni a nan China, ku yi haƙuri da hayaniyar, lokacin tashi daga aiki ne mutane sun cika ƙofa. Na hau a tashar Xilang a Guangzhou zan sauka Zumiao, kuma Zumiao ɗin nan ba Guangzhou ba ce, Foshan ce, wani gari daban mai hukumarsa da mutum sama da miliyan 9. Wannan layin tun 2010 aka buɗe shi, kuma ko a mota ka bi ta sama wallahi ba za ka ce ga inda wannan gari ya ƙare wancan ya fara ba, babu daji babu gona a tsakani, bene ne kawai yake miƙa wa bene hannu.

To abin da nake so 'yan uwa su gane kenan, musamman masu shirin zuwa sarin kaya. A gida kowa cewa yake Alhaji ya tafi Guangzhou, kaya sun taso daga Guangzhou, alhali yawancin kayan ba a nan ake yinsu ba. Kamar Kano ce, atamfa Kantin Kwari, hatsi Dawanau, waya Farm Centre, sai dai a nan kowace kasuwa gari ce sukutum da miliyoyin mutane. Tayil da kujeru Foshan, in ka je Lecong shagunan kujeru da gadaje ne jere ka yi ta tafiya har ƙafa ta gaji ba su ƙare ba. Fitilu kuma Guzhen a Zhongshan. Dongguan masana'antu ne birjik, takalma, kayan wasan yara, haɗa waya. Kayan lantarki kuwa sai Shenzhen, kasuwar Huaqiangbei, kuma Tecno da itel da Infinix ɗin da ke hannunku yanzu haka kamfaninsu Transsion hedikwatarsa a Shenzhen take.

Shenzhen ɗin ma ita ce abin mamakin, kafin 1980 ƙauyuka ne da ƙaramin gari a bakin iyakar Hong Kong, sai gwamnatin Deng Xiaoping, jagoran China na lokacin, ta ware ta a matsayin yanki na musamman na kasuwanci, masu kuɗin Hong Kong suka tsallako da masana'antunsu saboda arhar lebura da fili, mutanen karkara suka yi ta kwararowa, yanzu ta haura mutum miliyan 17. Guangzhou kuma ta haura 18. Kowane gari ya yi ta kumbura yana cin gonaki da tafkunan kifi har suka haɗe. In ka haɗa garuruwa 9 na bakin wannan kogi, Pearl River, da Hong Kong da Macau, mutum sama da miliyan 80 ake magana. Bankin Duniya ma a 2015 ya ce yankin ya wuce Tokyo a girma.

Kuma sun ɗinke shi da hanya fa. Jirgin ƙasa mai gudu daga Guangzhou South zuwa Shenzhen North wajen rabin awa ne. Akwai gadar da ta haɗa Hong Kong da Zhuhai da Macau, kilomita 55, wani sashen ma ta ƙarƙashin teku ya bi, 2018 aka buɗe. Shi ya sa za ka ga mutum yana kwana Foshan yana aiki Guangzhou, haya ce ta koro shi, kullum yana cikin wannan cunkoson da kuke gani, ni dai gaskiya ban ga daɗin wannan rayuwar ba, kowa ido a waya ba mai ce ma sannu.

Amma kar haɗewar ta ruɗe ku. Hong Kong da Macau akwai iyaka, kuɗinsu daban, har tuƙi ta hagu suke yi, mai fasfo ɗin Najeriya sai da wata biza daban zai shiga Hong Kong, kuma in bizarka ta China ta shiga ɗaya ce ka tsallaka to ta mutu kenan. Sannan kar ka zo dab da sabuwar shekarar 'yan China, wajen ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu, yawancin ma'aikatan baƙi ne daga wasu larduna, kowa gida yake tafiya, masana'antu a rufe makonni.

Masauki dai ka kama a unguwar Xiaobei da ke Guangzhou, nan ne za ka samu abincin halal da 'yan uwa masu jin Hausa, daga nan ka riƙa sammako kana fita garuruwan da kanka maimakon ka tsaya a hannun dillali. To ga Zumiao nan mun iso, bari in kutsa in fita kafin ƙofa ta rufe, sai mu nemi motar da za ta kai mu wajen masu tayil.